Gadon jinya na wanda zai warke ne ko na wanda ciwo ya fi ci? Muhawara kan gidajen jinyar tarin fuka na Yahudawa a Denver

Ɗan_Kurmi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masana tarihin asibiti. A birnin Denver na jihar Colorado a Amurka, Yahudawa sun buɗe gidan jinyar masu tarin fuka kyauta a 1899, wato National Jewish Hospital. Shekara biyar kacal bayan haka, a 1904, wasu Yahudawan suka sake buɗe wani a bayan gari, wanda ake kira JCRS, wato Jewish Consumptives' Relief Society, ƙungiyar Yahudawa ta agaza wa masu tarin fuka. Gari ɗaya, al'umma ɗaya, ciwo ɗaya, kuma duka biyun ba a biyan ko sisi. Ni dai a ganina kishi ne irin na 'yan ƙungiya, kowa na son a ce shi ne shugaba. In ba haka ba me ya hana su haɗa kuɗin su faɗaɗa na farkon?

Taskar_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Kurmi, a fara da yadda na farkon ya samu, sai ka ga ba kishi kaɗai ba ne. Tun shekarun 1880 masu tari ke kwarara Denver saboda an ce busasshiyar iskar tudu na warkarwa. Masu kuɗi suna kama ɗaki, talakawa suna kwana a titi, don masu gidajen haya ba sa son mai tari. Frances Wisebart Jacobs ce ta tsaya kai da fata a kan a gina musu wuri, tare da limamin Yahudawan garin, William Friedman. An aza harsashi a Oktoban 1892, ita kuma ta rasu a watan Nuwamba, ba ta ga ginin ba. Aka gama a 1893, sai darajar azurfa ta faɗi warwas, ga Colorado da haƙar azurfa take ci. Ginin ya zauna a kulle shekara shida, babu kuɗin gudanarwa. Sai da ƙungiyar zumuncin Yahudawa mai suna B'nai B'rith ta ɗauki nauyinsa aka buɗe ranar 10 ga Disamba 1899, da gado 60. Takensu shi ne mai halin biya ba ya shiga, wanda ya shiga kuma ba ya biya.

To wanda ya ga gininsa a garƙame shekara shida dole ya riƙa lissafin kowane gado. Shi ya sa suka gindaya sharuɗɗa: sai mai farkon kamu, wanda likita ke sa ran zai tashi, zama ba ya wuce wata shida, a nemi izini tun daga garinsu kafin a taso, sannan a nuna cewa in an sallame shi ba zai zama kaya a wuyan mutanen Denver ba. Waɗannan sharuɗɗan su suka haifi JCRS.

Uwar_Marayu:
Wato wanda ya riga ya fara aman jini, shi da ya fi kowa buƙatar gado, shi ake mayarwa. Ina sadakar take a nan?

Lissafi_Dalla:
Hajiya, yi lissafin tukuna. Gado 60, kowa wata shida, mutum 120 ke nan a shekara. In ka cika gadajen da waɗanda ciwo ya ci, kowannensu ya kwanta shekara biyu, mutum 30 za ka ɗauka a shekara, kuma akasarinsu a makara za su fita. Babu magani a lokacin, hutu ne da abinci, su kuwa ba sa rufe babban kogo a huhu. Masu National Jewish ba mugunta suka yi ba, sun zaɓi inda kuɗin zai yi aiki ne.

Taskar_Tarihi:
Lissafin daidai ne a takarda, amma mutanen ba su daina zuwa ba don an ƙi su. Tela a New York ya sayar da keken ɗinkinsa ya sayi tikitin jirgin ƙasa na zuwa kawai, ya sauka Denver da zazzaɓi, bai cika takarda ba, bai iya Turanci ba. Waɗanda ke tsintar irinsa su ne talakawan Yahudawan unguwar West Colfax, 'yan gabashin Turai masu jin harshen Yiddish. A ƙarshen Oktoban 1903 wasunsu suka zauna, da yawansu su ma masu tarin ne, suka yi karo-karo aka tashi da dala 1 da santi 10. Daga nan likitoci suka shigo: Charles Spivak ya zama sakatare har rasuwarsa a 1927, Philip Hillkowitz ya zama shugaba. Suka sayi fili eka 20 a yammacin gari, suka buɗe a Satumban 1904 da tantuna shida da ɗan ƙaramin gini. Dokarsu ita ce a karɓi mara lafiya ko a wane mataki yake.

Akwai kuma bambancin asali. Masu na farkon jikokin Yahudawan Jamus ne, sun daɗe a Amurka, 'yan kasuwa, masu sassauci a addini. Masu na biyun sababbin zuwa ne daga ƙasashen daular Rasha. Shi kansa Spivak a Kremenchug aka haife shi a 1861, ya gudo Amurka a 1882, ya yi leburanci a masaƙa kafin ya gama karatun likita a Philadelphia a 1890.

Ɗan_Kurmi:
To ai ka dawo kan maganata, 'yan gida da baƙi ne ke ja-in-ja.

Mai_Girki_Zinder:
Ba ja-in-jar banza ba ce, Malam, har cikin tukunya ta shiga. National Jewish ba su da ɗakin girkin kosha, wato abincin da shari'ar Yahudawa ta halatta, da farko, sai cikin shekarun 1920 suka yi. Ga Bayahude mai riƙo da addini wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba yanka kaɗai ba, ba a haɗa nama da madara a ci ɗaya, ba a dafa su a tukunya ɗaya, kwano da cokali da wuƙa da wurin wanke-wanke kowanne nasa daban. A al'adar yawancin 'yan gabashin Turai, in ka ci nama sai ka jira awa shida kafin madara ta shiga bakinka.

Yanzu ku haɗa wannan da jinyar zamanin, wadda rabinta ɗura ce. Abinci sau uku, a tsakani madara da ɗanyen ƙwai. A wasu gidajen jinyar Amurka ana kai mutum kusan lita uku ta madara da ƙwai shida a yini. In an ba shi nama da azahar aka kawo kofin madara da la'asar, ko ya sha ya ji ya saɓa wa Ubangijinsa, ko ya ture. Wanda ake so ya yi ƙiba kuma yana ture abinci, jinya ta ɓaci. JCRS sun fara da kosha tun ranar farko, sai a tsara madara da safe da tsakar hantsi da dare, nama a ba shi lokacinsa. Wannan tsarin girki ne, amma sakamakonsa a kan sikeli ake gani.

Almajirin_Fiƙihu:
Ƙarin bayani kan maganar Mai_Girki_Zinder: a shari'arsu akwai ƙa'idar da ke cewa ceton rai yana gaba da kusan duk wani hani, har azumin Yom Kippur, babbar ranar tubarsu, ana sauke wa mara lafiya. Kamar dai rangwamen da muka sani. Don haka a hukunce mai tari zai iya cin abin da aka ba shi. Matsalar ita ce zuciya ba ta bin fatawa nan take, dattijon da bai taɓa haɗa nama da nono ba tun haihuwarsa ƙyama ce za ta hana shi haɗiya. Kalmarsu ta taimakon talaka ma, tsedaka, tushenta ɗaya da sadaka tamu, sai dai a wurinsu ma'anar ta fi karkata ga adalci, wato haƙƙi ne ba alfarma ba. Mutanen JCRS sun riƙe wannan sosai, suna ƙin a sa mara lafiya ya ji kamar maroƙi.

Sabon_Shiga22:
Don Allah tarin fuka ɗin nan shi ne asma? Kuma Yahudawa kaɗai ake karɓa?

Nas_Mai_Dare:
A'a ƙanena. Fuka ita ce asma, ba ta yaɗuwa. Abin da ake nufi a nan tibi ne, wanda ƙwayar cuta ke kawowa, wadda Robert Koch ya bayyana ranar 24 ga Maris 1882. Sunan ne ya cakuɗe a bakin mutane. Kuma duka gidajen biyu ba sa tambayar addini. Wadda aka fara kwantarwa a National Jewish ma Kirista ce 'yar asalin Suwidin daga Minnesota. A JCRS dai mafi yawa Yahudawa ne, saboda abinci da harshe.

Likitan_Ƙirji:
Bari in faɗi abin da ake yi wa mutum in ya samu gadon, don a san me ake rigima a kansa.

Ranar shiga a auna nauyi, a saurari ƙirji, a karɓi kaki a shafa a gilashi a rina shi da rinin Ziehl-Neelsen, ƙwayoyin su fito ja a madubin likita. Daga baya hoton ƙirji ya shigo. Sai kwanciya. Ana auna zafin jiki sau da yawa a yini, wanda aka fi kula da shi na yamma ne, don zazzaɓin tibi da la'asar yake tashi. Muddin yana haura 37.5 zuwa 38, ba tashi, wani ko banɗaki ba ya zuwa da ƙafarsa. In zafi ya kwanta na wasu makonni, bugun zuciya ya sauka, nauyi na hawa a awon mako-mako, sai a ba shi izinin zama a kujera, sannan tafiyar minti biyar, goma, a riƙa ƙarawa. Zazzaɓi ya dawo, a koma gado daga farko.

Tantin kuwa ba irin na 'yan gudun hijira ba ne. Daɓen katako ne, bangon katako zuwa wajen ƙugu, sama zane mai kauri da ake ɗagewa, ga ɗan murhu a kusurwa. Denver na kan tudun mita 1,600 da 'yan kai, sanyin hunturunta na daskarar da ruwa a kofi, amma haka ake kwana iska na ratsawa, da barguna da hula da kwalbar ruwan zafi a ƙafa.

Kaki shi ne babban abin tsaro. Kowa da kofin takarda da ake tattarawa a ƙone kullum, ko 'yar kwalbar aljihu, irin shuɗiyar nan da Dettweiler ya fito da ita a Jamus a 1889, a zuba mata ruwan kabolik, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Ba a shara a bushe, sai da jiƙaƙƙen tsumma. In ciwon ya kama maƙogwaro a hana mutum magana na watanni, sai rubutu a allo. In jini ya ɓalle a kwantar da shi ta ɓangaren da ke ciwon don kada jinin ya malale cikin lafiyayyen huhun, a ɗora ƙanƙara a ƙirji, a ba shi mofin, maganin kashe zafin ciwo, ɗan kaɗan. In aka zarce da mofin tari ya mutu gaba ɗaya, jini ya daskare a hanyar iska ya shaƙe shi.

Ɗurar madarar da Mai_Girki_Zinder ta ambata ma tana da nata aibin. Wanda ciwon ya sauka hanjinsa gudawa take sa shi. Kuma madarar saniya mai tibi ita kanta hanyar kamuwa ce, shi ya sa JCRS suka riƙe garken shanunsu da kajinsu a cikin filin.

Uwar_Marayu:
Likita, tsakani da Allah, duk wannan ya warkar da wani?

Likitan_Ƙirji:
Tudu da busasshiyar iska ba su kashe ƙwayar da ke cikin huhu. Abin da ya yi aiki shi ne abinci ga wanda yunwa ta ci, hutu ga wanda ke aikin awa goma sha biyu ko fiye, da raba mai tari da ɗakin da yaransa ke kwana. Mai farkon kamu da yawa jikinsa na iya killace ciwon in ya samu wannan. Amma wanda ake ganin ƙwayar a kakinsa, in babu magani, kusan 70 cikin 100 na mutuwa cikin shekara goma.

Abin da ya ɗan canza lissafin shi ne kwantar da huhu. Forlanini a Italiya ya kawo dabarar a shekarun 1880, ta bazu a Amurka bayan 1910. Kogon tibi yawanci a saman huhu yake, kuma huhu a miƙe yake kamar roba, kowane numfashi na buɗe bakin kogon. Sai a soka allura tsakanin haƙarƙari zuwa sararin da ke tsakanin huhu da bangon ƙirji. Allurar na haɗe da bututun gilashi mai siffar U da ruwa a ciki. Sai ruwan ya nuna zuƙowa, yana hawa da sauka tare da numfashi, kafin a saki iska. Karon farko kamar mililita 200 zuwa 300, a ƙara bayan kwana ɗaya ko biyu, daga baya duk mako ɗaya ko biyu, saboda jiki na shanye iskar. Haka za a yi ta yi shekara biyu, uku, har huɗu.

Inda take ɓaci: in aka saki iska ba a ga ruwan na motsi ba, wataƙila bakin allurar na cikin jijiyar jini, iska ta tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi nan take. Ruwa na taruwa a ƙirji, wani lokaci ya zama mugunya. Babbar matsala kuma mannewa ce, huhu ya liƙe da bango daidai wurin kogon, sai lafiyayyen ɓangaren ya kwanta, mai ciwon ya tsaya a buɗe. Jacobaeus na Suwidin ya kawo hanyar leƙawa da madubi a ƙone zaren mannewar. In abin ya faskara sai a murƙushe jijiyar wuya mai motsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ya ɗago sama na kusan wata shida, ko a cire haƙarƙari, biyu ko uku a kowane zama, bangon ƙirji ya faɗa ciki har abada.

Lissafi_Dalla:
To kun gani. Allurar iskar nan ma sai mai ciwo a huhu ɗaya, ɗayan na da sauran ƙarfi. Maganata ta zaɓe tana nan.

Nas_Mai_Dare:
Ba ta nan gaba ɗaya, Malam Lissafi. Ka ƙirga waɗanda suka fita da ƙafarsu, ba ka ƙirga waɗanda ba su kamu ba. Mai babban kogo shi ya fi kowa fesa ƙwayar. Mai farkon kamu sau da yawa ba a ma ganin komai a kakinsa. In ka kwantar da na biyun ka bar na farkon a ɗaki ɗaya da mata da yara biyar, taga a rufe saboda sanyi, ka warkar da ɗaya ka shuka wasu. Ta fuskar kare jama'a, gadon da aka ba wanda ba zai tashi ba ya yi aiki ko da ya mutu a kansa. Kuma sun mutu da yawa, sashen tudu na maƙabartar Golden Hill cike yake da su, akasari matasa da ba su da kowa a Colorado.

Tela_Gwani:
Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren sana'a, don ciwon har laƙabin ciwon teloli ya samu. Shagon ɗinki a New York na lokacin ɗaki ne a cikin gidan haya, mutum goma ko fiye, ana biya da yawan abin da ka ɗinka. Mai keke a duƙe yini guda, ƙurar yadi na tashi, mai guga na tsaye kan tururi da dutsen guga mai nauyi. Mutum ya yi wata shida a baranda ya yi ƙiba, a sallame shi ya koma wannan ɗakin, ga bashin da iyali suka ci. Kafin shekara ciwo ya tashi. Shi ya sa aka buɗe Altro a New York a 1915: masana'antar ɗinki ce ta waɗanda aka sallamo, mai manyan tagogi, likita ne ke yanka wa kowa awannin aikinsa, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, akwai wurin kishingiɗa, ana cike masa gibin kuɗin har ya kai cikakken yini. Kayan ma'aikatan asibiti suke ɗinkawa. A Denver ma an kafa ƙungiyar taimakon waɗanda aka sallama a 1908, da gidan riƙon 'ya'yan masu jinya a 1907. JCRS na da ɗakin ɗab'i da ɗaurin littafi don a koyi aikin da ba ya cin ƙirji.

Almajirin_Fiƙihu:
Wannan ya yi daidai da matakai takwas na sadaka da Musa bin Maimun ya jera, malaminsu na Ƙurɗuba da ya zauna a Masar. Na ƙoli shi ne ka ba mutum abin da zai tsaya da ƙafarsa.

Taskar_Tarihi:
Gyara kaɗan ga Tela_Gwani: laƙabin ya bazu, amma likita Maurice Fishberg ya nuna cewa mace-macen tibi a unguwannin Yahudawan New York bai kai na maƙwabtansu masu irin talaucinsu ba. Abin da ya sa suka damu ƙwarai har da tsoron hukuma. Dokar shige da fice ta 1907 ta sa mai tibi cikin waɗanda ba a bari su shiga Amurka, kuma baƙon da ya zama nauyi a kan gwamnati cikin shekara uku da zuwansa ana iya mayar da shi. Don haka al'umma ta gwammace ta yi jinyar nata.

Kuma ba Denver kaɗai ba ce. Asibitin Yahudawa ta Montefiore a New York ta buɗe reshen ƙauye a Bedford a 1897. Eagleville kusa da Philadelphia 1909, Mount Sinai a Sainte-Agathe ta Kanada 1909, ƙungiyar ma'aikata ta Workmen's Circle a Liberty 1910, Deborah a New Jersey 1922. A Los Angeles an kafa ƙungiya a 1913, ta fara da tanti biyu a eka 10 a Duarte, ita ce asibitin City of Hope ta yau. A Foland akwai gidan Medem na yara kusa da Warsaw, an buɗe 1926. A Agustan 1942 'yan Nazi suka kwashe yaran da ma'aikatan da suka rage zuwa sansanin kisa na Treblinka.

Uwar_Marayu:
Inna lillahi. To kuɗin fa, tunda dala ɗaya ba ta riƙe asibiti?

Taskar_Tarihi:
National Jewish na da rassan B'nai B'rith da manyan attajirai masu gina ɓangare guda da sunansu. JCRS asusun gwangwani ne a kan kantar mahauci da teburin girki, da wakilai masu bin gari-gari, da ƙungiyoyin mata da na 'yan gari ɗaya. Shi ya sa gine-ginensu ke ɗauke da sunayen wurare irin New York da Texas. Raunin wannan hanya shi ne duk lokacin da aikin ɗinki ya tsaya kuɗi na raguwa daidai lokacin da masu neman gado ke ƙaruwa, jerin jira ya yi tsawo, wasu su mutu a ɗakin haya kafin layi ya zo kansu.

Likitan_Ƙirji:
Abin da ya rufe babin magani ne. Streptomycin ya fito daga ɗakin binciken Waksman a 1943, ta hannun ɗalibinsa Albert Schatz. Gwajin Ingila na 1948 ya ɗauki mutum 107: cikin 55 da aka yi wa allurar 4 suka mutu a wata shida, cikin 52 da aka bari da kwanciya kaɗai 14. Sai dai ƙwayar na saurin bijire wa magani ɗaya, sai da aka haɗa da wani maganin da ake kira PAS, sannan isoniazid a 1952. Gwajin Madras a Indiya, wanda aka fara 1956 da mutum 193, ya nuna mai shan magani a gida na warkewa kamar na gidan jinya, kuma iyalinsa ba su fi kamuwa ba. JCRS ta koma asibitin ciwon daji a 1954, bayan ta yi jinyar mutum wajen 10,000. Filin daga baya ya zama kwalejin zane-zane. National Jewish na nan, ta shahara a cututtukan numfashi har da tibi mai bijire wa magani.

Ɗan_Kurmi:
Na janye kalmar kishi, amma rabi. Har yanzu ban ga abin da ya hana a yi gida ɗaya mai ɓangare biyu ba, na masu farkon kamu da na waɗanda ciwo ya ci, da tukunyar kosha ga mai so.

Lissafi_Dalla:
Wa zai riƙe makullin ofishin karɓa? Nan ne rigimar take.

Nas_Mai_Dare:
Kuma dokar wata shidan ba ta tsaya yadda aka rubuta ta ba, a hankali National Jewish suka sassauta, suka riƙa karɓar masu ciwo mai nisa suna barin su fiye da haka. @Likitan_Ƙirji, a kan allurar iska, ka ce iska kawai. Da farko ai nitirojin ake sawa don ana ganin ya fi daɗewa kafin jiki ya shanye, daga baya aka ga bambancin bai taka kara ya karya ba aka koma iskar ɗaki da aka tace ta auduga.

Likitan_Ƙirji:
Haka ne, Sista, na tsallake wannan. Da kwalba biyu ake yi, a ɗaga ɗaya ruwanta ya gangara cikin ɗayar ya turo iskar, ana karanta adadin a jikin kwalbar.